Dale Earnhardt mai baƙar mota lamba 3: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Akwai wata sitika mai lamba 3 a ɗan karkace da na manna a gilashin bayan motata tun shekarun baya, rana ta dake ta har ta fara ɓarewa ta gefe ɗaya, kuma ba irin tambayar da ban sha ba a kanta, wani ya ce lambar ɗan ƙwallo ce, wani ya ce ko yarana ne guda uku, makaniken da ke duba min birki ma sai da ya tambaya. Lambar motar wani direban tsere ce Ba'amurke mai suna Dale Earnhardt wanda ya mutu a cikin motarsa ranar 18 ga Fabrairu 2001, kuma har yau in na kalli bidiyon ranar sai jikina ya yi sanyi. To ga tambayoyin da aka fi yi min na haɗa su waje ɗaya.

Wai shi waye Dale Earnhardt ɗin nan?

Direban tseren motoci ne na gasar NASCAR a Amurka, an haife shi 29 ga Afrilu 1951 a wani ƙaramin gari mai suna Kannapolis a jihar Karolina ta Arewa, ya ɗauki kambun gasar sau 7, ya ci tsere 76 a babban rukuni, ya mutu yana ɗan shekara 49 a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500. Mutum ne mai gashin baki da baƙin tabarau da wani ɗan murmushi na gefen baki wanda in ka gan shi ka san akwai abin da ya shirya maka.

NASCAR ɗin irin Formula 1 ne?

A'a sam ba ɗaya ba ne. Motar Formula 1 tayoyinta a waje suke kamar kiyashi, ita kuwa ta NASCAR in ka hango ta daga nesa kamar motar gida ce, Chevrolet ko Ford, da rufinta da bambarta da komai, sai ka matso ka ga ashe ƙofa ma ba ta buɗuwa ta taga ake shiga, fitilun gaba kuma sitika ce kawai, cikinta duk bututun ƙarfe ne aka yi wa walda kamar keji. Nauyinta a zamanin Dale ya haura tan ɗaya da rabi, kuma a ƙarshen zamaninsa motoci 43 ne ke tashi lokaci guda.

Asalin abin daga kudancin Amurka ne, wajen masu safarar barasar da ake dafawa a ɓoye, su ne suka fara ƙara wa injin motocinsu ƙarfi don su tsere wa jami'an gwamnati a hanyoyin tsaunuka, ranar hutu kuma sai su taru a fili su gwada wa ya fi wani gudu. Wani makanike mai suna Bill France ya tara su a Daytona Beach a jihar Filorida aka kafa ƙungiyar a 1948. Shi ya sa har yau wasan na talakawan karkara ne, manoma da ma'aikatan masana'anta da direbobin manyan motoci, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa suka ɗauki Dale a matsayin nasu.

To ba zagaye kawai suke yi ba, ina gwanintar take?

Wannan tambayar ita ta fi yi min ciwo wallahi. Filin Daytona tsawonsa mil 2.5 ne, kusan kilomita 4, kwanoninsa a jirkice suke digiri 31, mutum da ƙafa ma da ƙyar yake hawa, ana zagaya shi sau 200 ya zama mil 500 wato kusan kilomita 805, ka ƙaddara ka tashi daga Kano ka je Abuja ka juyo ka kusa isowa gida, amma kana gudun da ya kusa kilomita 300 a awa, da mota a gabanka da mota a bayanka da mota a kowane gefe, tazarar da ke tsakaninku wani lokacin ba ta kai kamu ɗaya ba, a haka za ka yi sama da awa uku cikin zafin da ke gasa mutum.

Babban sirrin kuma iska ce. Motar gaba ita ke fasa iska, wadda ta manne mata a baya sai ta samu sauƙi har ta tura ta, biyun su fi mota ɗaya gudu, wanda kuma ya fita daga layi shi kaɗai ba mai bin sa sai ka ga kamar an ɗaura masa dutse, motoci goma sha su wuce shi kafin ya kifta ido. A nan Dale ya fi kowa, har abokan karawarsa suna cewa shi ganin iskar yake yi da idonsa. Tsere 10 ya ci a Talladega, filin da ya fi kowanne dogaro da wannan dabarar, ba wanda ya kamo shi har yau.

Ɗan masu kuɗi ne?

Ina! Kannapolis garin masaƙa ne, kamfanin Cannon Mills mai yin tawul da zanin gado shi ne garin, wanda ya san yadda Kakuri take a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki zai gane irin rayuwar. Babansa Ralph Earnhardt ya yi aikin masaƙar ya bari ya koma tsere a filayen turɓaya, yana haɗa motarsa da hannunsa a garejin bayan gida, har ya ci kambun wani ƙaramin rukunin NASCAR mai suna Sportsman a 1956. Dale ya bar makaranta a aji na tara saboda tsere, abin da ya ɓata wa iyayensa rai ƙwarai kuma shi ma daga baya ya sha cewa ya yi nadama. Ralph ya mutu da ciwon zuciya a 1973 yana da shekara 45, bai ga ɗansa ya shiga babban rukuni ba ko sau ɗaya. Dale ya yi walda, ya yi gyaran taya da sitiyari, yana cin bashi ya sayi taya da fatan ya ci kuɗi ranar tsere ya biya, aurensa biyu suka mutu a wannan fafutukar.

Tserensa na farko a babban rukuni a Charlotte ne a 1975, ya zo na 22, wanda ya zo na 23 a bayansa kuwa Richard Childress ne, mutumin da daga baya ya zama mai motar lamba 3 kuma amininsa har mutuwa.

Me da me ya ci?

A 1979 ya samu cikakkiyar kujerar tuƙi wajen wani mai motocin tsere Rod Osterlund, ya ci tserensa na farko a Bristol, aka ba shi gwarzon sabbin direbobi, shekarar da ta biyo 1980 ya ɗauke kambun gaba ɗaya. Sauran shida duk tare da Childress ne, 1986, 1987, 1990, 1991, 1993 da 1994. A 1987 kaɗai tsere 11 ya ci. Motar da farko shuɗiya ce da ruwan ɗorawa saboda kamfanin wandon Wrangler ne ke ɗaukar nauyinta, sai a 1988 da GM Goodwrench suka karɓa ta koma baƙa wuluk da farar lamba 3, wannan baƙar ita duniya ta sani.

Me ya sa ake ce masa The Intimidator? Ba mugunta ba ce yake yi?

Ma'anar laƙabin mai firgita mutane, kuma ya ci sunan. In ka duba madubi ka ga baƙar motar nan ta cika shi to ka san ɗayan biyu ne, ko ka ba shi hanya ko ya taɓa maka bamba ta baya a tsakiyar kwana, ɗan taɓi kaɗan wanda zai sa motarka ta yi laushi ta zame sama shi kuma ya bi ta ƙasa ya wuce. Direbobi da yawa ba sai ya taɓa su ba ma, tsoron taɓin kaɗai ke sa su yi kuskure.

Ni ina son sa amma ba zan ce miki ko maka waliyyi ne ba. A Bristol a 1999 Terry Labonte ya wuce shi tsakani da Allah saura zagaye ɗaya, Dale ya bi shi ya dake shi ta baya motar ta juya wasu suka afka mata, shi kuma ya ci tseren, filin gaba ɗaya ya ɗauki ihun Allah wadai, da aka miƙa masa makirfo sai ya ce shi bai yi niyyar juya shi ba so ya yi kawai ya ɗan girgiza shi. Wannan a wajena zalunci ne, Labonte ne ya cancanci tseren nan. Amma abin da ya sa ko maƙiyansa ke girmama shi, in aka yi masa irin haka ba ya zuwa yana kuka wajen alƙalai, ya san wasan da yake bugawa. Sannan gwanintar ta gaske ce, a 1987 a Charlotte suna rigima da Bill Elliott aka tura shi cikin ciyawa yana tsananin gudu, duk wani direba da ya juya, shi ko ya riƙe sitiyarin ya dawo kan kwalta yana nan a gaba bai rasa matsayinsa ba, ya kuma ci tseren.

A bayan fage kuma mutum ne na gona da farauta da kamun kifi, yana da gona a Mooresville da shanu da kaji, ya fi sakewa a kan tarakta da a gaban kyamara.

An ce ya sha wuya kafin ya ci Daytona 500, gaskiya ne?

Sau 19 yana zuwa yana komawa hannu rabbana, kuma abin da ke ƙona rai shi ne kusan duk wani tsere da ake yi a filin nan ya cinye shi, jimillar nasarorinsa a Daytona 34 ne, amma babban wanda shi ne kamar kofin duniyarsu ya ƙi. A 1986 mai ya ƙare masa ana dab da gamawa. A 1990 ya ja gaba kusan duk ranar, a zagayen ƙarshe saura ƙasa da mil ɗaya ya taka wani guntun ƙarfe tayar baya ta fashe Derrike Cope ya wuce. A 1991 tsuntsun teku ya faɗa wa gaban motar. A 1993 Dale Jarrett ya ƙwace a zagayen ƙarshe. A 1994 kuma babban amininsa Neil Bonnett ya mutu a filin wajen gwaji kwanaki kaɗan kafin tseren.

Sai 15 ga Fabrairu 1998, zuwa na 20. Ana gobe tseren wata yarinya 'yar shekara 6 da ke kan keken guragu ta ba shi kwabo ɗaya ta ce na sa'a ne, ya je da kansa ya nemo gam ya manna shi a dashbod ɗin motar, washegari ya ci. Abin da ya biyo baya shi ne wanda ba na gajiya da kallo, da ya shigo layin da ake canza taya sai makanikan kowace ƙungiya, har da waɗanda ya sha farfasa musu motoci suna kwana gyara, suka fito suka jeru tun daga farkon layin har ƙarshe kowa na miƙo hannu, shi kuma yana tafe a hankali hannunsa a waje ta taga yana tafawa da su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya shiga ciyawa ya juya motar ya bar shaidar taya a kai. Kwabon yana nan manne a motar a gidan tarihin Childress.

Bai taɓa jin ciwo ba kafin hatsarin ƙarshe?

Ya ji sosai. A Talladega a 1996 motarsa ta daki katanga ta kife wasu suka dake ta a rufi, ya karye a ƙashin wuya na gaba da ƙashin ƙirji, ya fito da ƙafarsa yana dafe da ƙirji yana ɗaga wa mutane hannu, sati biyu bayan nan a Watkins Glen shi ya fi kowa gudu a gwaji ya kuma gama tseren a na 6. A Daytona 500 ta 1997 motar ta wuntsila, an riga an saka shi a motar asibiti sai ya leƙo ya ga tayoyin motarsa huɗu na nan, ya ce wa mai janwe ya gwada tayar da ita, ta tashi, ai kuwa ya sauko ya koma ciki ya ƙarasa tseren da ita a lotse. Irin waɗannan ne suka sa mutane suka ɗauka mutumin nan ƙarfe ne ba abin da zai same shi, ina jin shi ma ya fara yarda da hakan.

Me ya faru ranar 18 ga Fabrairu 2001?

A lokacin yana tuƙa wa Childress amma yana da kamfanin tsere nasa na kansa, Dale Earnhardt Inc., shi da matarsa Teresa. A zagayen ƙarshe motocin da ke na ɗaya da na biyu duk nasa ne, Michael Waltrip a gaba, abokinsa da ya ɗauka aiki alhali ya yi tsere 462 bai taɓa cin ko ɗaya ba kowa na cewa asarar kujera ce, sai ɗansa Dale Jr. a na biyu, shi uban yana na uku yana ta tare hanya, Sterling Marlin na neman wucewa ta ƙasa, Ken Schrader ta sama, Rusty Wallace a baya. Mutumin da duk rayuwarsa shi ke kai hari, ranar nan shi ne mai gadi.

A tsakanin kwana ta uku da ta huɗu gaban motar Marlin ya ɗan shafi bayan tasa ta hagu, ta zame ƙasa, ya murɗo sitiyari don ya gyara sai ta harba sama ta ratsa gaban Schrader, Schrader ya dake ta a gefe, ta je ta daki katangar kankare da gudun kusan kilomita 250 a awa. Motocin biyu suka gangaro cikin ciyawa. A daidai lokacin Michael ya tsallake layin gama tsere, yayansa Darrell Waltrip na cikin masu sharhi a talabijin ɗin Fox yana ihu yana hawaye ƙaninsa ya ci, sai kuma muryarsa ta canza yana tambaya ko Dale lafiya. Schrader ya fito daga motarsa ya taka ya je ya leƙa tagar, nan take ya juyo yana ɗaga wa ma'aikatan ceto hannu da sauri da sauri. Wannan ɗaga hannun shi ne duk wanda ya san wasan ya gane akwai matsala. An kai shi asibitin Halifax da ke kusa, ƙarfe 5:16 na yamma likitoci suka tabbatar ya mutu, bayan kamar awa biyu shugaban NASCAR Mike Helton ya fito gaban 'yan jarida ya ce mun rasa Dale Earnhardt.

Na kalli bidiyon, hatsarin bai ma yi muni ba, ya aka yi ya mutu?

Kowa haka yake cewa, musamman da yake a tseren ranar an yi wani hatsarin da ya haɗa motoci kusan 18, motar Tony Stewart ta tashi sama tana wuntsilawa kuma ya rayu. Amma motar da ke wuntsilawa tana zubar da ƙarfin gudunta ne a hankali, nan ƙarfe ya cire can taya ta fita, kowane juyi na rage wani abu. Wadda ta daki kankare da gaba kuwa tsayawa take yi lokaci guda, bel ya riƙe gangar jiki, kai da nauyin hular kwano su ci gaba da tafiya, wuya ba zai iya riƙe su ba sai ƙashin gindin ƙoƙon kai ya tsage. Abin da ya kashe shi kenan.

Kuma ba shi ne na farko ba, nan ne raina ke ɓaci. Cikin wata tara kafin nan irin wannan raunin ya kashe Adam Petty ɗan shekara 19 jikan shahararren direba Richard Petty a watan Mayu 2000, ya kashe Kenny Irwin Jr. a Yuli a fili ɗaya da Adam wato New Hampshire, ya kashe Tony Roper a Oktoba a Texas. Maganin kuma yana nan a kasuwa, wata na'ura ce mai suna HANS da Dakta Robert Hubbard da direba Jim Downing suka ƙirƙiro tun shekarun 1980, kamar ƙwala ce mai tauri da ke zama a kafaɗa bel ya danne ta, da igiyoyi biyu da ke kama hular ta baya don kada kai ya fizge. NASCAR ba ta tilasta ba, direbobi 'yan ƙalilan ne suka saka ta ranar, Dale kuma yana cikin masu ƙin ta, ya ce tana takura shi, hularsa ma mai buɗaɗɗiyar fuska ce irin ta da.

To laifin wa ne?

Mutane cikin zafin rai sun ɗora wa Sterling Marlin har da wasiƙun barazanar kisa, sai da Dale Jr. ya fito cikin makokin ubansa ya ce ba zai lamunci a zargi kowa ba. Taɓin da aka yi irin wanda ake yi sau ɗari ne a kowane tsere. Bayan 'yan kwanaki NASCAR ta sanar cewa an samu bel ɗin cinyarsa na hagu a tsinke, sai aka koma kan Bill Simpson mai kamfanin da ya yi bel ɗin, shi ma aka yi masa barazana har ya ajiye muƙaminsa, shi kuma ya dage cewa ba a ɗaura bel ɗin yadda kamfani ya ce a ɗaura ba. Rahoton binciken da ya fito a Agusta 2001 ya ce abubuwa ne suka haɗu, dukan Schrader da ya karkatar da jikinsa, kusurwar da ya daki katangar, gudun, da tsinkewar bel.

In ra'ayina ake tambaya, hukumar ce ta fi kowa laifi. Direba kullum zai zaɓi abin da ya fi masa daɗin tuƙi, aikin masu doka ne su tilasta masa, gawa uku ta ishe su ishara. Ko bayan Dale ma sai da Blaise Alexander ya mutu da irin raunin a Charlotte a Oktoba 2001 a wata ƙaramar gasa mai suna ARCA sannan aka ce dole kowa ya saka abin riƙe kai.

Me ya canza bayan mutuwarsa?

Kusan komai. Bayan dokar HANS aka zo da katanga mai laushi da ake kira SAFER wadda injiniyoyin Jami'ar Nebraska ƙarƙashin Dean Sicking suka haɗa, bututun ƙarfe ne a gaba da soso mai tauri a tsakaninsa da kankaren, in mota ta daka sai ya lotsa ya shanye wani ɓangare na dukan, an fara kafa ta a Indianapolis a 2002 daga baya ta bazu filayen gasar. Aka saka na'urar naɗar bayanan hatsari a kowace mota irin ta jirgin sama, aka gyara kujeru suka zama masu rungume kai da kafaɗa, aka buɗe cibiyar bincike a Concord, a 2007 aka fito da sabuwar mota da aka matsar da kujerar direba zuwa tsakiya aka cusa soso a ƙofofi.

Daga ranar da Dale ya mutu ba a sake rasa direba a tseren manyan rukunai uku na NASCAR ba, a ƙananan gasa an samu amma a manyan babu. Ka kalli hatsarin Michael McDowell a Texas a 2008, ko na Austin Dillon da motarsa ta tashi ta faɗa ragar 'yan kallo a Daytona a 2015 injin ya fita daban, ko na Ryan Newman a zagayen ƙarshe na Daytona 500 ta 2020 wanda wata mota ta daka a daidai gefen direba yana kife, ranar nan na ɗauka an sake maimaitawa ne, bayan kwana biyu sai ga hotonsa yana fita daga asibiti da ƙafarsa riƙe da hannun 'ya'yansa mata biyu. Kofuna bakwai ɗin nan Jimmie Johnson ya kamo su a 2016, amma waɗannan mutanen da suka koma gida wajen iyalansu su nake fara tunawa in an ce me Dale ya bari, duk da shi da kansa bai so na'urar ba.

Ya aka ƙarasa gasar shekarar ba shi?

Kamar almara. Sati ɗaya bayan nan a Rockingham Steve Park ya ci da motar kamfanin Dale. Childress ya yi wa motar farin fenti ya canza lamba zuwa 29 ya ba wani matashi Kevin Harvick, a tserensa na uku kacal a Atlanta ya doke Jeff Gordon da tazarar daƙiƙa 0.006, makanikan Dale manyan ƙarti suna kuka a fili, Harvick ya zagaya da yatsu uku a waje. Duk shekarar in an zo zagaye na 3 masu sharhi sai su yi shiru, 'yan kallo su miƙe su ɗaga yatsu uku, ba ka jin komai sai ƙarar injuna. A watan Yuli da aka koma Daytona karon farko Dale Jr. ne ya ci, Michael Waltrip na bayansa yana tare masa, suka tsaya a ciyawa suka hau kan mota suka rungume juna. A jihar Filorida kuma Teresa ta yi shari'a don hana jaridu hotunan gawarsa, har aka yi dokar da ta taƙaita fitar da irin waɗannan hotunan a Maris 2001.

An daina amfani da lamba 3 kenan?

A babban rukuni NASCAR ba ta ajiye lamba don wani, amma Childress ya riƙe ta bai sa ta a babban rukuni ba har 2014 da ya ba jikansa Austin Dillon. Magoya baya sun rabu, wasu har yau ba su yafe ba. Dillon ya ci Daytona 500 da ita ranar 18 ga Fabrairu 2018, shekara 20 bayan nasarar Dale, shekara 17 cif da mutuwarsa.

'Ya'yansa fa?

Huɗu ne, Kerry, Kelley, Dale Jr. da Taylor. Dale Jr. ya ci Daytona 500 sau biyu, 2004 da 2014, an zaɓe shi direban da aka fi so sau 15 a jere, bai taɓa ɗaukar kambun babban rukuni ba kuma halinsa daban da na uban, mai sanyi ne. Sun samu saɓani da matar ubansa Teresa ya bar kamfanin gidan ya koma kamfanin tsere na Hendrick a 2008, kamfanin bai daɗe ba aka haɗe shi da wani. Abin da ya fi burge ni da shi, da ya samu girgizar ƙwaƙwalwa a 2016 ya fito ya faɗa ya ajiye tuƙi rabin shekara, ya yi ritaya a 2017, ɗan mutumin da ke tuƙi da karyayyen ƙirji ne ya koya wa direbobi cewa ba abin kunya ba ne ka ce kaina ba daidai yake ba. Yanzu shi da yayarsa Kelley ke tafiyar da kamfanin tsere na JR Motorsports.

Shi ne direban da ya fi kowa a tarihi?

A lissafi Richard Petty na da nasara 200, David Pearson 105, Jeff Gordon 93, duk sun fi shi. Da aka buɗe zauren karrama gwarazan NASCAR a Charlotte a 2010 yana cikin mutum biyar na farko, shi da Petty da Junior Johnson da Bill France uba da ɗa. Ni dai in aka ce motoci iri ɗaya, saura zagaye goma, zaɓi mutum ɗaya, ba na ko tunani.

Ba irin wasan motar da samari ke yi a gari ranar biki ba ne?

Don Allah kar a haɗa. Waɗancan suna cikin keji na ƙarfe da rigar da wuta ba ta ci da bel mai maɗauri biyar ko shida da likitoci a gefe da raga tsakaninsu da 'yan kallo, kuma duk da haka ka ji abin da ya faru. Yaron da ke juya motar babansa a titi ba bel mutane na tsaye a gefe ba abin da ya haɗa shi da wannan.

Wane tsere zan fara nema in kalla?

Talladega, 15 ga Oktoba 2000, nemi zagaye biyar na ƙarshe kawai. Yana na 18 a cunkushe a tsakiyar motoci jere uku, sai ka ga baƙar motar ta fara kutsawa ta tsakiya inda ba hanya, Kenny Wallace ya manne masa a baya yana tura shi Joe Nemechek na bin su, kar ka kalli na gaba ka zuba ido a kan lamba 3 kawai ka riƙa ƙirga motocin da yake wucewa, gefen motar duk shatin tayar wasu, mutanen da ke kan benci sama da dubu ɗari duk sun miƙe ihunsu har yana danne ƙarar injin, kafin a ɗaga farar tutar zagayen ƙarshe ya riga ya fito gaba. Ita ce nasararsa ta 76, wata huɗu kafin Daytona.